Takardar da Kika Roƙe Ni

Ard al-Liwa, Masar

Zuwa ga ƴata Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya riƙe jirgin da kika hau a sama, ya ajiye shi ƙasa lafiya, ya raka ki a motar da za ta ɗauke ki daga Kano har ƙofar gidan su Dauda. Na ce miki kada ki buɗe ambulan ɗin nan sai kin zauna kin ɗaura bel, amma na san halinki, da wuya idan ba tun a layin awon kaya kika farke shi ba. Ba komai. Ni ma ba haƙurin gare ni ba, balle ki gada.

Ki daina zazzage shi, takardar ba ta ciki. Gara in faɗa miki tun daga farko, ki yi fushinki ki gama, sannan ki karanta sauran.

Ranar Lahadi ina tsaye a kicin ina yanka albasa kika shigo kika jingina da firji, kika ce dattawan cocin su Dauda ba za su ɗaura muku aure da farar riga ba sai sun ga takardar gwajin ciki, amma sun yarda su karɓi wadda ungozoma ta buga wa hatimi daga nan Masar. Sai kika ce, “Mama, ki rubuta mini babu.” Ban juyo ba, kika ɗauka mamaki ne ya kama ni. Ba mamaki ba ne. Shekara ashirin da bakwai ina karɓar haihuwa, tun ranar da kika ture kwanon wake kika ce mansa ya lalace na san abin da ake ciki. Wata uku ne yanzu da ƴan kwanaki. Na kuma san abin da ke jiranki idan kika sauka hannu rabbana: matan kwamiti su ja ki bayan coci da ɗan kofi, a ɗaura auren a ofishin fasto ba kiɗa ba farar riga, ki yi wata shida a bencin baya ba ki cin Jibin Ubangiji, uwar mijinki kuma ta samu abin yi miki gori har ki yi furfura. Duk na sani, domin shekara da shekaru ni ce mai miƙa wa ƴaƴan mutane kofin. Ina jin tsoro dominki, kuma duk da haka ban sa takardar ba. Bari in gaya miki dalili, ta hanyar ɓarnar da na yi da hannuna.

Ɓarnata ta farko a kanki na yi ta. Ranar da kika fara ganin jini kina shekara goma sha uku, na miƙa miki auduga ta bayan ƙofar banɗaki na ce daga yau idan namiji ya taɓa ki kin shiga uku. Iyakar karatun da na ba ki ke nan. Ni da nake wuni a asibiti ina yi wa matan Sudan da na Habasha bayanin jikinsu dalla-dalla, har da zane a takarda, na dawo gida na kasa buɗe baki ga ƴar cikina. Wanzami ba ya son jarfa. Haka uwata ta yi mini, haka aka koya mana a zumuntar mata, cewa yarinyar da ba ta san komai ba ita ce tsarkakakkiya. Ƙarya ne, Rahila. Yarinyar da ba ta san komai ba yarinya ce da ba ta san komai ba, kuma akwai masu jiran irinta a kowace kwana. Idan Allah ya raya miki abin da ke cikinki, ki kira masa kowace gaɓa ta jikinsa da sunanta tun yana ƙarami, ki gaya masa wa ke da ikon taɓawa da wanda ba shi da shi. Mijinki ma da baki za ki gaya masa abin da kike so da abin da ke yi miki ciwo, kada ki jira ya yi duba.

Ta biyu ita ce Saratu. Kin san ta, kina cikin mawaƙa lokacin, amma abin da kika sani rabi ne.

Kin dai san yadda cocinmu yake: gidan haya a hawa na biyar, falo ɗaya da kicin, muna taruwa ranar Juma’a da safe saboda ranar ce masu aikin gida ke samun hutu. Da muka zo ƙasar nan mun baro abubuwa da yawa a gida, amma gwajin amare mun ƙunso shi kamar daddawa a ƙasan jaka. Tun da ni ce ungozoma, kuma shugabar zumuntar mata, sai aka ɗora mini. Sati biyu kafin aure in shiga kicin da amarya in rufe ƙofa, in ba ta kofi, in tsoma ɗan tsinken gwajin. Layi ɗaya, farar riga. Layi biyu, kujerar horo. Ba mu da benci a nan, sai wata farar kujerar roba da ta tsage aka ɗinke ta da waya, ana ajiye ta a bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. Ango kuwa ba a taɓa ba shi kofi ba, tun da ba abin da za a tsoma a gani.

Saratu daga wani ƙauye kusa da Maraɗi ta fito. Aikin gida take yi wa wasu masu hali a unguwar Madinat Nasr, can take kwana, ranar Juma’a kaɗai take fitowa, kullum da wani shuɗin gyale da ya koɗe a gefe. Markus mai kaɗa mana ganga ne zai aure ta. Da layi na biyu ya fito, ba ta yi kuka ba, sai ta kama wuyan hannuna ta ce a hankali, “Mama, ba na Markus ba ne, kuma ba da sona ba ne.” Na ce to ta faɗa wa dattawa. Ta ce fasfonta yana hannun maigidan, idan maganar ta fita zai ce ta yi sata, kuma wa zai saurari baƙar mace mai aikin gida a kan mai gida? Ta roƙe ni in rubuta babu, ta ce za ta gaya wa Markus da kanta bayan an natsu. Na zare hannuna na ce ni ba na ƙarya a gidan Allah. Na fita na gaya wa fasto layi biyu ne. Sauran maganar na haɗiye ta, na ce wa kaina ai sirrinta nake rufawa.

Markus ya janye, ya ci gaba da kaɗa gangarsa a layin gaba. Ita kuma aka nuna mata kujera. Wata biyar ta yi a kanta ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, kullum ita ce ta farkon zuwa, in na iso da makulli in tarar da ita tsaye a bakin ƙofa. Ba ta waƙa, ba ta amsa amin, sai ta ɗora hannuwa a cinya tana kallon bagade ta saman kawunanmu. Ranar Jibi ni ce mai zagayawa da tiren ƙananan kofuna, da zoɓon da muke dafawa a madadin ruwan inabi. In bi layi-layi har na ƙarshe, saura taku biyu in kai gare ta, sai in juya. Ba ta taɓa miƙo hannu ba, amma kullum sai ta gyara zama idan na matso, kamar mai shirin karɓa.

Da cikin ya fito masu gidan suka kore ta, ta koma wani ɗaki a saman rufin wani bene a nan unguwarmu. Wata Talata da azahar wata baiwar Allah mai suna Hadiza, mutuniyar Damagaram, matar wani ɗalibi, Musulma, ta zo nemana a asibiti. Ita ce maƙwabciyarta. Ta ce tun safe naƙuda ta kama Saratu, jini ya ɓalle, kafin a samu masu sauko da ita daga rufin rai ya yi halinsa, ita da ɗan duka. Na tambaye ta me ya hana a kira ni, ga ni nan tafiyar minti goma a ƙafa. Hadiza ta dube ni ta ce:

“Na ce mata bari in kira ungozomar cocinku. Ta riƙe mini zane ta ce kada in kira ki, wai za ki gaya musu.”

Ban san abin da take tsoron in gaya musu ba, tun da ba abin da ya rage. Amma haka na zama a idonta, mai gaya musu.

Ga abin da ba ki sani ba. Shekara guda kafin Saratu, na shiga kicin ɗin nan da Lidiya, ƴar Dattijo Bitrus, layi biyu ya fito ɓaro-ɓaro, na rubuta babu. Ubanta ne ya tsaya wa mahaifinki, Allah ya ba shi hutawa, lokacin da takardunmu na zama suka sami matsala, na ga ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ashe ina ƙarya a gidan Allah, zaɓen wanda zan yi wa kawai nake yi. Ki riƙe wannan: duk dokar da kika ga tana lanƙwasawa idan ta zo kan mai gata, ta miƙe idan ta zo kan marar kowa, ki binciki asalinta kafin ki ce ta Allah ce. Kuma idan mace ta gaya miki an yi mata fin ƙarfi, kada ki tura ta wajen dattawa ita kaɗai, ki ɗauki gyalenki ki bi ta.

Juma’a ta biyu bayan mun binne ta, na iso da makulli kamar kullum. Kin san yadda garin nan yake da safiyar Juma’a, duk hayaniyar Alƙahira ta kwanta, shaguna a rufe, ko keken tuk-tuk ɗaya ba ka ji. Ammu Ragab, mai gadin benen, yana zaune a ƙofa da shayinsa. Na gaishe shi, ya kira ni likita da Larabcinsu yadda ya saba, ya ce, “Yalla ya daktora, yau ma an riga ki. Ƴar’uwarku mai shuɗin gyale ta hau tun ɗazu.” Na ce masa ai ta rasu. Ya yi dariya, ya ɗauka Larabcina ne ya karkace, ya ce ma’alish, wato ba komai, ai ga shi ta gaishe shi, ta bi matakala tun da ba ta son lif. Na hau. Ƙofa a kulle yadda na bar ta. Na buɗe, ba kowa, sai kujerar a bakin ƙofa tsakanin inda takalma ke zama, ta fuskanci bagade. Ni da hannuna na kife ta a baranda satin da ya wuce, na ɗora mata bokiti.

Na ce wataƙila mai shara ce. Na sake fitar da ita, wata Juma’ar na sake tarar da ita. Sai na daina taɓa ta.

Sai kuma kofuna. Ina ƙirga kawunan masu cin Jibi kafin in zuba zoɓo, ba na ƙara ko ɗaya, don fasto ba ya son a zubar da saura. Tun daga lokacin, in na gama zagayawa kowa ya ɗauki nasa, sai in ga kofi ɗaya cike a gefen tire, gefen da ke kallon ƙofa. Na rage ɗaya da gangan, kowa ya samu, ɗaya ya saura. Na gaya wa fasto, ya ce tsufa ne ya fara taɓa mini lissafi, in riƙa sa tabarau. Amma na lura shi ma ya daina tsayawa a bakin ƙofa yana sallamar mutane bayan sujada, ya koma yi daga bagade. Yara masu tatata in sun zo wajen sai su kewaye, kamar yadda ake kewaye ƙafafun wanda ke zaune. Kowa dai ya koma tuɓe takalminsa a waje. Ke ma haka kika koma yi, kuma ban taɓa jin kin tambayi dalili ba.

Ba zan ce miki na san mene ne ba. An koya mana matattu suna hutawa, kuma ina so in gaskata haka. Abin da na sani shi ne ba ta taɓa tsorata kowa ba, ba ta fasa ko kofi ɗaya ba. Wata biyar ta yi cikin shidan da aka yanka mata. Ni a ganina jira take a ce mata horon ya ƙare, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin juyawa ya faɗa.

Ɓarna ta uku ita ce wadda kika gani da idonki, ranar bikin zumuntar mata, da aka ba ni minti goma in yi magana a kan tsarkin aure. Na tashi da anko da ɗaurin ɗankwali, na ajiye takardar da na shirya, na ce gwajin nan ba zunubi yake kamawa ba, mahaifa yake kamawa. Na ce mutum biyu ke kwanciya, ɗaya ke zama a kujera. Na tuna musu macen nan da aka jawo gaban Ubangiji ita kaɗai, na ce har yau ba mu tambayi inda namijin ya shiga ba. Na ce da uwar Ubangijinmu ta shigo kicin ɗina kafin a kai ta ɗakin mijinta, da layi biyu zan gani, kuma da a bakin takalma za mu zaunar da ita. Nan falon ya ɗauki guna-guni. Har nan ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba, kuma ko gobe aka ba ni minti goma zan maimaita.

Amma Dattijo Bitrus ya miƙe ya ce in zauna, wai Masar ta cinye mini imani. Zuciya ta ɗebe ni, kin san ni. Na nuna shi da yatsa na ce ya tambayi ƴarsa layi nawa na gani a kicin. Lidiya tana layi na uku, goye da ɗanta, mijinta a gefenta, uwar mijin da ta zo ziyara daga gida tana bayansu. Ban manta yadda ta sunkuya tana gyara majanyin da bai kwance ba. Tun ranar ba ta sake taka cocin ba, kuma na ji zaman gidan nata bai koma daidai ba har yau. Na tashi in kare mata, na ɗauki mace na jefi namiji da ita. Baki shi ke yanka wuya, amma wannan karon ba wuyan mai bakin ya yanka ba. Idan ranar ta zo da za ki tsaya ki yi musu da manya a kan abin da kika ga ba daidai ba, ki tsaya, ko muryarki tana rawa. Sai dai hujjarki ta zama taki. Sirrin wata ba makaminki ba ne, ko da zai ba ki nasara nan take.

Abin da ya biyo baya kin sha rabonki a ciki. Aka sauke ni daga shugabanci, aka karɓe makulli da tire. Matan da na karɓi haihuwar ƴaƴansu suka koma amsa gaisuwata da hanci. Aka kai labari har garinmu cewa ina koya wa ƴanmata fasikanci, saboda ina tara masu aikin gida a falona ranar Juma’a da la’asar ina nuna musu yadda jikinsu yake, da kwanakin ɗaukar ciki, da kwaroron roba, da wanda za su kira idan maigida ya fara murɗa ƙofar ɗakinsu. Har suna aka raɗa mini, Maman Roba. Ke kanki kin yi wata biyu idan muka shiga mikrobas, ƙaramar motar hayar nan, sai ki nemi kujerar da ta fi nisa da tawa, kina kallon taga kamar ba ki taɓa ganin gadar sama ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai, yau na faɗa miki. Ban daina ba kuma, jiya ma su tara suka zo. Ban ce babu zunubi a duniya ba, ban ce alkawarin aure wasa ne ba. Na ce kawai jiki ba ƙazanta ba ne, Allah ne ya ƙera shi har da daɗin da ke cikinsa, kuma tsarkin da ake aunawa da tsinke a kofi ba tsarki ba ne. Gwajin nan da kujerar nan mutane ne suka ƙirƙiro su, na duba iya dubawata ban ga inda aka umarce mu da su ba.

Yanzu za ki ce, to Mama, tun da ba ki yarda da gwajin ba, mene ne wahalar rubuta babu? Ni ma haka na ce wa kaina ranar Litinin. Kin tafi Wustul Balad, can tsakiyar gari, karɓo tikitinki, ni kaɗai a gida bayan azahar, rana ta ɗauke ƙafar mutane daga titi. Na zauna a teburin falo na rubuta ta tsaf, sunanki, shekarunki, babu. Na buga hatimi, na hura don ya bushe. Sai matar mai gadin benenmu, Ummu Karim, ta ƙwala mini kira daga ƙasa ta ramin matakala. Na leƙa, ta ce wata baƙuwa ce ke tambayar hawan da daktora take, irin mutanenmu, da shuɗin gyale. Ta ce ta gaya mata na huɗu, ga ta nan tafe, a hankali take hawa tana dafe da ƙugu.

Rahila, benenmu ba benen coci ba ne. Ummu Karim ba ta taɓa ganin Saratu ba, ban kuma taɓa ba ta labarin ba.

Na koma ciki na tura ƙofa, ban iya murɗa makulli ba. Ina jin silifa a matakala, taku ɗaya, a huta, taku ɗaya, a huta, irin hawan mai tsohon ciki. Ta wuce hawa na biyu, ta wuce na uku. Ta iso ƙofarmu ta tsaya. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya rabu biyu, kamar yadda yake yi idan mutum na tsaye. Na zauna da takardar a hannu ban san iya lokacin ba, har aka kira la’asar a masallacin bayanmu. Ban san ko ta zo ta hana ni ba ne, ko ta zo ta ga yadda ake rubuta wa masu uwa abin da aka hana ta. Na buɗe baki in ce ta yafe mini, na ji maganar ta yi mini ƙanƙanta. Sai na ce, da ƙarfi yadda za a ji daga waje, “Saratu, horonki ya ƙare. Tun farko ma ba ki da laifi, ni na sani na yi shiru.” Sannan na yayyaga takardar. Da na buɗe ƙofa ba kowa, sai tabarmar goge ƙafa da ta ɗan karkace. Ban ji saukarta ba, kuma har yanzu da nake rubuta miki ban ji ba.

A zaman nan ne na gane cewa duk takardar ƙarya da na rubuta, ƙusa ce na ƙara wa kujerar. Masu uwa ungozoma da masu uba dattijo su wuce da farar riga, kowa ya ce ai ga shi ana iya kiyayewa, a bar marasa kowa su zauna a madadinmu duka. Na ce a madadinmu, ban yi kuskuren rubutu ba.

Tun kina ƙarama ake ce miki bakwaini. Gwaggonki Talatu har yau in ta bugo waya sai ta ce ina bakwainina, kuma kin sha jin labarin yadda aka naɗe ki a auduga aka yi ta addu’a. Ke ba bakwaini ba ce. Watanki tara cif, kin fito da gashi da ƙumba da kuka mai tsaga kunne, duk ungozomar da ta gan ki ta san haka. A zamaninmu ba a fara gwaji ba. Na shiga coci da farar riga da cikinki na wata biyu, mahaifinki yana gefena yana gumi, uwata ta ɗaure mini ciki da zane tun ba abin ɗaurewa. Da kika zo aka rage miki wata biyu, aka rufe ki a ɗaki ba a bari baƙi su ɗauke ki, wai kada iska ta taɓa ki. Ba wanda ya yi mini fin ƙarfi, ina son mahaifinki ne, yana sona, muka riga ranar. Shekara ashirin da biyar ina ɗauke da wannan, kuma yanzu na san shi ya sa hannuna ya yi nauyi a kan ƴaƴan mutane. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ki yafe mini da na bar ki kika girma kina tsammani kin zo duniya da rauni, alhali ƙarfinki ne aka ɓoye don a rufa mini asiri.

Ga shawarata, ki ɗauka ko ki bari, ke ba yarinya ba ce. Kada ki jira a miƙo miki kofi. Ki sauka ki huta, ki kira Dauda ku zauna, ki ce masa ku biyu za ku je wajen fasto, kuma shi zai fara buɗe baki. Idan sun ce benci, ya ɗauko Littafinsa ya zauna kusa da ke wata shidan nan, tire ya wuce ku tare. In ya yi haka kin samu miji, farar riga kuwa yadi ne, tela ke ɗinka ta. In kuwa ya ce miki ki yi haƙuri, wata shida kamar gobe ne, ya wuce layin gaba ya bar ki, to kin ga abin da za ki aura tun ba a ɗaura ba. Khalas, shi ke nan, ki juyo. Ɗakinki yana nan, ban ba kowa ba, kuma ba zan tambaye ki komai a filin jirgi ba sai ko kin ci abinci.

Abu ɗaya kawai nake roƙonki da girman Allah. Ko a ina kike, ko wa ya yi fushi da ke, ko da ni ce kike fushi da ni, ranar da kika ji mararki ta fara murɗawa ki kira mutum. Ki kira maƙwabciya, ki kira uwar mijin da ta yi miki gori, ki kira wanda kika tsana. Kada ki riƙe zanen kowa ki ce kada a kira.

Ba ke kaɗai za ki tsaya ba. Juma’ar nan, lokacin shaida, zan miƙe a gaban fasto da Dattijo Bitrus da matan da ke kirana Maman Roba, in faɗi watan da aka ɗaura aurena da watan da na haife ki, su ƙirga da yatsunsu. Wannan karon sirrina zan faɗa, ba na wata ba. Rabinsa naki ne, shi ya sa na fara gaya miki. Abin da za su yanka mini su yanka.

Ubangiji ya kiyaye ki a sama da ƙasa, ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani, ya ba Dauda ƙashin baya, ya sa ki sauka a hannun masu tausayi. Ya ba Saratu da ɗanta hutawa, ya shirya tsakanina da Lidiya tun ina da rai. Ki riƙa shan ruwa a jirgi, ki tashi ki taka kowace awa saboda ƙafafunki, maganin ƙarin jinin yana aljihun gefe na baƙar jaka. Ki ɗora hannu ki gaishe mini da na cikin, ki ce masa kakarsa ta san ranar zuwansa, kuma duk wanda ya tambaye ta watansa nawa, tara za ta ce.

A cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Hannatu